Mashin ɗin da Aka Rage wa Ƙarfi

Akwai wani yaro a bayan gari, gwanin tseren mashin ne a filin da ake haƙar jar ƙasa, inda ramuka da tudu suka fi hanya yawa. Da ya gagari sa'o'insa, sai aka ce ya koma rukunin manya. Mahaifiyarsa ta yarda da ƙyar, ta ce amma duk ranar da aka kawo mata shi ranga-ranga, shi da mashin sai a mafarki. Yayansa ya samo masa babban mashin na hannu, su biyu suka tura mashin ɗin wajen wani tsohon bakanike. Yaro sai rawar kai yake, ya ce a buɗe masa wuta duka, yana so in ya murɗa totur a ji shi har kasuwa. Tsoho ya ce masa ya hau ya zauna. Yaro ya hau, mashin ko lotsawa bai yi ba, ƙafafunsa na reto kamar an ɗora ɗan akuya a kan raƙumi. Tsoho ya ce, "Mai shi na farko ƙato ne, kai kuwa ko buhun gero ya fi ka nauyi." Ya sassauta shokzoba har ta san da nauyin yaron, ya rage tudun kujera, ya matso masa da hannun birki daidai tsawon yatsunsa. Sannan ya ɗaure totur yadda ba zai buɗe har ƙarshe ba. Yaro ya cika ya yi fam, ya ce, "Haba Baba, ai ka mayar min da shi keken ɗinki!" Tsoho ya ce, "Ɗinka min filin tukuna, mu gani."

Ranar tsere manya suka wuce shi fuu, suka bar shi yana haɗiyar ƙura da takaici. Ana cikin haka ya iso tudun da ya fi kowanne tsayi. Mashin ya tashi sama, tsoro ya sa yaro ya damƙe totur da duk ƙarfinsa. Da a buɗe yake, da yana dira mashin zai zabura ya watsar da shi. Sai ya dira lumus, ya lotsa, ya miƙe ya ci gaba, ƙafarsa ɗaya ta dafa ƙasa ta tare shi. A gefen tudun ya hango wani da ya girme shi a kwance yana riƙe da kafaɗa, mashinsa na ta ihu shi kaɗai. Yaro bai zo na ɗaya ba, ko kusa. Amma da yamma da ƙafarsa ya shiga gida. Mahaifiyarsa ta dube shi daga sama har ƙasa, ta juya shi, ta lalubi gwiwar hannunsa, sannan ta ce ya je ya wanke wannan jar ƙasar, kuma wani satin ya tafi da ruwan sha. Gaskiyar Hausawa da suka ce, iya ruwa fidda kai.