Kwalar Mai Walda

Gyara zama, Sallau. Tunda ka ce kai ba ka iya fita daban a cikin mutane, ko da buhu za a saka ka a ɗaure bakin, bari in ba ka misali.

An yi wani mai walda a bakin kasuwa, ƙato ne na gaske, irin wanda sai ya karkace yake shiga ƙofa. Amininsa na ƙuruciya, wani ma'aikacin banki, ya tashi aure, sai abokan aikinsa suka karɓe hidimar. Suka yanke cewa ankon abokan ango kwat ne, yadi ɗaya, tela ɗaya. Har kwala suka zaɓa, wato ninkin nan da ke saukowa daga wuya ya kwanta a ƙirji. Ita kuwa iri-iri ce. Akwai mai tsaga, akwai mai tsini da ke kallon kafaɗa, akwai kuma wadda ke zagayowa sumul, ba tsaga ba tsini. Su sai suka ɗauki 'yar siririya mai tsaga, faɗinta bai fi yatsa biyu ba, wai ita ake yayi. Kuma tsakani da Allah ta yi musu kyau, don yawancinsu in iska ta taso sai an rirriƙe su.

Mai walda bai yi gardama ba, ya sayi yadi, ya je aka auna shi. Ranar gwaji ya saka, ya tsaya gaban madubi, sai ya ga abin takaici. Ga ƙirji kamar ƙyauren shago, ga wasu 'yan ƙyallaye biyu sun maƙale a kai, sai ka ce an ɗaura wa bijimi zare. Tela ya kau da kai yana neman almakashin da ke hannunsa. Kunya ta kama mai walda har cikin ransa. Ya tuɓe, ya koma kasuwa ya ƙaro yadi, ya ce a sake gaban rigar gaba ɗaya, a yi masa mai tsini, mai faɗi, wadda za ta cika ƙirjin da Allah ya ba shi.

Kafin ka ce kwabo labari ya kai kunnen babban abokin ango, wani mai son a san da shi. Ya tako har bakin aikin mai walda yana toshe hanci saboda hayaƙi, ya ce anko anko ne, in kiɗa ya canza rawa ma canzawa take, kuma duk wanda ya saɓa ba zai tsaya bayan ango ba, ba zai shiga hoto ba. Maganar ta soki mai walda, don shi da ango tare aka yi musu kaciya, ba kuwa abin da yake so a bikin nan kamar wannan tsayuwar. Akwai wani mai ƙiba a cikin abokan, shi ma siririyar ba ta karɓe shi ba amma ya haɗiye. Ya biyo baya yana lallashi, wai a yi haƙuri, yini ɗaya ne ya wuce. Mai walda ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa ya ce, "Yadi kuka ce iri ɗaya, na je kasuwa na sayo. Ƙirjin nan ba sayensa na yi ba, balle in mayar a canzo mini."

Ranar liyafa, bayan la'asar, abokai suka jeru za a ɗauki hoto. Mai ƙibar nan ya laɓe can baya, ya naɗe hannuwa a ƙirji yana gumi, duk wanda ya kalle shi sai ya danne dariya. Sai ga mai walda ya shigo, tsinin kwalarsa na neman taɓa kafaɗa, rigar ta zauna masa daram. Bai tsaya neman izinin kowa ba, ya wuce ya tsaya a bayan kafaɗar ango ta dama. Kada ka ɗauka ba ya tsoro. Ya riga ya ƙudurta cewa in ango da bakinsa ya ce ya fita, zai fita ya tafi gida da baƙin cikinsa, amma almakashi ba zai taɓa kwalar nan ba. Babban aboki ya rugo, ya yi ɗage ya raɗa masa cewa ya fice daga layi. Mai walda ya sunkuyo ya dube shi, bai ko ɗaga murya ba, ya ce, "To, ture ni."

Mai hoto ya sauke kyamara. Ango ya juyo ya ƙare wa amininsa kallo daga sama har ƙasa, sannan ya dubi babban abokin ya ce, "Rabu da shi. Ni mutum na gayyato, ba kwala ba." Haka aka ɗauki hoton. Sirara sun yi kyau da siririyarsu, ƙato ya yi kyau da mai faɗinsa, shi kuwa mai haƙurin yini ɗaya, in ban da kunnensa ba abin da ya yarda ya fito.

Ai Hausawa sun gama magana: kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.