Ranar Rufe Bakin Tafki

Kai da ka zo kana rantsuwa ba za ka sake yin kuskuren bara ba, gyara zama ka ji wannan tukuna.

An yi wani masunci a wata fadama, yana da ɗan tafki da ya gada a wurin mahaifinsa. Wata 'yar ƙorama ce ta haɗa tafkin da kogi. In marka ta yi, kogi ya cika ya batse, sai ruwa ya biyo ƙoramar ya shigo, kifi kuma ya biyo ruwa: tarwaɗa, karfasa, kurungu, har da gaiwa. Aikin shekara duka a rana ɗaya ya rataya. Ranar da kogi ya daina hauhawa, ranar ake kafa turaku a bakin ƙoramar a ɗaure asabari, ruwa ya wuce, kifi ya tsaya. Da tsinken ciyawa masunta suke gane ranar. A jefa shi a ƙorama, in ya nufi tafki a bar hanya a buɗe, in ya tsaya cak a rufe. Abin da aka tsare ran nan shi gida zai ci, shi matar gida za ta yi banda ta kai kasuwa, har wata damina ta zagayo.

To, shekarar da ta gabata mutumin nan ya yi gaggawa. Ya ga ruwa ya ɗan lafa ya rufe, bayan kwana huɗu kogi ya sake tumbatsa, kifin da ke hanyar shiga nasa ya zarce tafkunan maƙwabta. Gidansa bai kwana da yunwa ba, amma miya ta tsinke tun kafin bazara. Masunta kuwa ba su da mantuwa. Duk inda ya gifta sai wani ya tambaye shi ko yau ma ya rufe ƙofa baƙi suna hanya. Yakan yi yaƙe ya wuce, amma maganar ta tsaya masa a rai.

Da damina ta dawo, tun ana shuka ya sassare turakunsa, ya saƙa sabon asabari ya jingine a gindin giginya. Kullum da hantsi yana bakin ƙorama, ya jefa tsinke, ya bi shi da ido. Ran nan sai tsinken ya tsaya. Ya sake jefa wani, shi ma ya tsaya. Ya ɗauki turke zai kafa, sai ya dakata, don bara ma haka ya gani. Ya ɗaga kai ya hangi hadari ya haɗu can gabas, wajen da kogin ya fito. In an yi ruwa a can fa? Ya ajiye turken. Wani dattijon masunci da ya riga ya rufe nasa ya biyo ta wurin da laka har gwiwa, ya dubi ƙoramar, ya dube shi, ya ce, "Ɗan'uwa, ruwan nan ya gama zuwa." Shi kuwa mai tafkin ya ce a bari dai zuwa gobe.

Gobe ta yi, tsinke ya fara rarrafawa wajen kogi, a hankali ƙwarai, yadda mai son ruɗin kansa zai iya cewa iska ce. Ya ce iska ce. Ya koma gida, ya dawo da azahar, ya dawo da la'asar, yana auna gefen ruwa da yatsa. In ya tuna bakunan da yake ciyarwa a gidansa sai ya kama asabari, in ya tuna dariyar bara sai ya sake shi. Tsoro biyu suka sa shi a tsakiya, ya rasa wanda zai bi. Alhali ya sani sarai, kamar yadda duk ɗan masunta ya sani, kifi ya riga mutum jin janyewar ruwa, kuma manyan ne suke fara fita, ta ƙasa, ba tare da sun motsa saman ruwa ba. Hadarin gabas ya baje ba a yi ko yayyafi ba. Sai rana ta uku, da ya ga saiwar ciyawa ta bayyana a gaɓa, ya faɗa ruwa ya kafa turaku, ya ɗaure asabari tamau, har igiya ta yanka masa hannu.

Daga nan sai zaman zullumi na wata huɗu. Yakan tsaya a gefen tafki da safe ko zai ga tarwaɗa ta taso shan iska, in ya ga ruwa ya ɗan motsa ya ce manyan suna ƙasa. Da rani ya yi, ruwa ya sauko cinya, ya gayyato 'yan'uwansa ranar su, wato ranar kamun kifin. Matarsa ta zo da kwanduna uku, ta riga ta tara itacen banda ya yi tsibi a bayan ɗaki. Suka shiga da komar kamun kifi suka tankaɗe tafkin daga wannan gefe zuwa wancan, suka sake, suka kuma sakewa har ruwan ya zama kunu. Abin da ya fito 'yan karfasa ne da ba su kai tafin hannu ba, da kwaɗi, da gaiwa guda biyu. Ba wanda ya yi masa dariya a wannan karon, kuma hakan ya fi yi masa ciwo. Matar ta juye abin da aka samu a kwando ɗaya, bai kai rabi ba, ta kife sauran biyun a kai ta kama hanyar gida, shi kuwa yana tsaye a laka yana lissafin watannin da suka rage kafin ruwan sama.

Bara rabin kifi ya rasa, bana ya rasa duka, kuma tsoron bara ne ya ja masa. Shi ya sa Hausawa suke cewa, an yi gudun gara, an faɗa gidan zago.