Faifan da Ya Yi Nauyi

Kafin ka taɓa wannan injin naka, ɗana, zauna ka ji abin da ya sami wani mai ɗaukar hoto a garinmu. Duk aikinsa yana cikin kwamfuta guda, a kan faifan ajiya irin na zamani da ake kira SSD. Wata rana saƙo ya fito masa cewa akwai sabuwar manhajar da ke tafiyar da faifan, ya latsa ya sabunta. Tun daga ranar kwamfutar ta yi nauyi. Hoton da a da yake buɗewa kafin ƙiftawar ido, yanzu sai ya sha shayi ya dawo yana nan yana juyawa. Ya goge tarkace, ya kashe ya kunna, ya ciro faifan ya hure ya mayar, duk a banza. Amma komai yana nan, jinkiri ne kawai.

Ƙanwarsa ta same shi yana wannan fama. A cikin faifan akwai bidiyon mahaifiyarsu marigayiya tana tankaɗe a tsakar gida, tana dariya tana korar kaji, kuma babu shi a ko'ina sai nan. Ta ce, "Yaya, don Allah kwafe mini na Inna tukuna." Ya ce da wannan nauyin kwafa za ta cinye masa yini, ta bari ya gyara, sai ya ba ta cikin minti ɗaya. Ya lalubo tsohuwar manhajar a intanet, ya fara mayar da ita. Batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, shi ma ya sani. Aikin ya kai rabi aka ɗauke wuta.

Da wuta ta dawo, kwamfutar ba ta ma san akwai faifai a cikinta ba. Ya kai shi Kano, ya zaga masu gyara, kowa ya jona ya girgiza kai ya miƙo masa. Amaren da ya ɗauki hotunan bikinsu suka yi ta sallama a ƙofar shagonsa har ya daina buɗewa. Ƙanwar kuwa ba ta yi masa faɗa ba. Ta karɓi faifan, ɗan abu bai kai tafin hannu ba, ta kara a kunne kamar za ta ji wani abu, sannan ta ƙulle shi a gefen mayafi ta tafi gida.

To ka ji. Garin neman gira, an rasa ido.