Sun Kewaye Motar Lamba Takwas

Yana fitowa daga filin wasa 'yan kallo suka kewaye motarsa, suna dukan gilashi suna ihu. Lamba Takwas ya kulle ƙofofi. Shi ya yi sake da ƙwallo a tsakiya, aka ci su a mintin ƙarshe.

Ƙasa ta huɗu ke nan da ya zo bugawa, kuma ko gaisuwa bai iya da yarensu ba. A ta uku, dukan da ya sha kan irin wannan kuskuren ya kwantar da shi asibiti.

Ya kira matarsa. "Maman yara, sun ritsa ni. Idan ban dawo ba, ki yafe mini."

"Innalillahi! Kada ka buɗe, ka ji ko? Kada ka buɗe!"

Wani ƙato ya rotsa gilashin da dutse. Suka finciko shi ta taga, suka ja shi a ƙasa yana salati. Ya dunƙule yana jiran dukan farko.

Babu wanda ya taɓa shi. Da ya buɗe ido, sai ga motarsa tana ci da wuta. Ashe wutar suke nuna masa tun ɗazu. Ƙaton kuwa yana durƙushe, hannu duk jini, yana duba ko Lamba Takwas ya ƙone.