Layin da Ya Haɗa Aikinsu

"Ki cire laburaren nan, wato guntuwar manhajar waje da kika jona wa manhajarmu," lauyan kamfani ya ce wa injiniyar. "Lasisinsa ya ce duk wanda ya haɗa aikinsa da shi sai ya buɗe nasa ga kowa. Namu kuwa sirri ne."

"Babu wani da ya kai shi kyau," ta ce.

"Ko ma wa ya sa wannan sharaɗin, bai san kasuwa ba."

Ta koma teburinta, ta goge daga manhajar layi ɗaya tilo da ya haɗa aikinta da na marigayi mijinta. Shi ya rubuta laburaren, ya so ya sake shi ba sharaɗi. Ita ce a lokacin, da goyo a bayanta, ta hana shi sakat har ya sa sharaɗin.