Kwanon Yero

Marwan ya shimfiɗa takarda a kan tabarmar zauren su Lailatu. Kamfaninsu na taki ya mai da shi Yamai, albashi da sefa.

"Na cire haya da cefanen mutum biyu, har da saura. Ana ɗaura aure sai tafiya."

Lailatu ba ta dubi takardar ba. Idonta na kan ƙofar da wanta Yero ya fita da babur zuwa Burkusuma, shekara ukku ke nan babu labari. Tun rasuwar Inna, ita ke rufe mishi tuwo kullum.

"Mutum biyu ka lissafa, Malam," ta ce a hankali. "In ya dawo ya iske kwanonshi wayam, wa za ya gaya mishi mun jira?"