Sunan Malam

Tun da aka rufe ajin manya, wani allon gilashi mai magana ne ke koyarwa a rumfar bakin kasuwa. Tasalla mai daddawa ta je da ƙawarta Ladidi. Gyaran famfon sola take son koya, don na unguwarsu ya mutu.

Mutumin da ke gabansu sunansa kawai ya faɗa, allon ya buɗe masa darasi.

Da Tasalla ta zauna, allon ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. Faɗi sunan mijinki."

Tun da aka kai ta ɗakinsa, sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. "Malam" take cewa.

Ladidi ta harari allon. "Wallahi wanda ya ƙera abin nan ɗan gida ne. Ya san inda zai kama mu."

Tasalla ta waiga, ta kare baki da gefen mayafi, ta raɗa, "Mamuda."

"Madalla. Mun aika masa saƙon neman izini. Da zarar ya amince, za ki fara."

"Malam fa ya rasu tun bara!" in ji Tasalla.

"Ba komai, Hajiya," allon ya amsa cikin ladabi. "Za mu jira shi."